Sunayen da Fareti Ba Ya Kira

Kowace ranar 15 ga Janairu, a Abuja da Yola da sauran manyan biranen jihohi, tsarin ɗaya ne. Sojoji su yi fareti, a busa begila, manya su fito ɗaya bayan ɗaya su ajiye furanni a gindin mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, a harba bindiga, a saki fararen tantabaru. Kafin azahar kowa ya kama gabansa. Ranar tana da tushe mai nauyi, domin a irinta ne a 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya ga Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas, yaƙin basasa ya ƙare. Ga mutanen Arewa kuma akwai wani nauyin a kanta, don a daren 15 ga Janairun 1966 aka kashe Sardauna, aka tafi da Tafawa Ɓalewa, aka harbe manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Ban raina bikin ba ko kaɗan. Sai dai sojan da ake kai wa furannin da gangan aka bar shi babu suna, don ya tsaya a madadin kowa. A Michika ta jihar Adamawa kuwa duk wanda ya tafi bai dawo ba yana da suna, yana da ƙauye, yana da uwar da ta goya shi, kuma waɗannan sunayen suna ɓacewa a hankali a kan idonmu.

Shawarar da nake kawowa ƙarama ce, har wani zai ga ba ta kai a ɓata mata tawada ba. Ina so makarantun ƙaramar hukumar Michika, na boko da na Islamiyya da na ranar Lahadi a majami'u, su riƙa sa kowane yaro ya haɗa kati ɗaya da hannunsa sau ɗaya a shekara, da sunan wani ɗan gidansu ko ɗan unguwarsu da ya yi wa ƙasa ko gari hidima a lokacin yaƙi, sannan ya kai katin gidan mutumin ya miƙa. Kwali, almakashi, gam da biro sun isa. Kafin in faɗi yadda za a yi, bari in faɗi dalilin da ya sa Michika ta fi wurare da yawa bukatar wannan aiki.

Ƙasar da ke gindin duwatsun Mandara ta daɗe tana ganin yaƙin da ba ita ta tayar ba. A farkon ƙarnin da ya wuce Mubi da Michika da Madagali suna cikin Kamaru ta Jamus. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, a maƙwabta aka gwabza: Garwa ta faɗi a watan Yunin 1915, shi kuwa kwamandan Jamus da ke kan dutsen Mora, Ernst von Raben, bai sauko ba sai a Fabrairun 1916. Mafi yawan waɗanda suka riƙe bindiga a ɓangarorin biyu, da waɗanda suka yi dakon kaya, baƙar fata ne 'yan Afirka. Ɗaya daga cikinsu, Chari Maigumeri, ya fara aikin soja a ƙarƙashin Jamusawa, Ingilishi suka kama shi a Garwa, ya koma rundunarsu, ya yi yaƙi a Gabashin Afirka, ya sake yi a Yaƙin Duniya na Biyu, yau ga bariki da sunansa a Lokoja. Shi ya yi sa'a tarihi ya riƙe shi. Dubban da suka yi tafiya tare da shi babu mai iya lissafo su. Bayan yaƙin yankin ya koma hannun Ingila, kuma bai zama cikakken ɓangaren Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, aka kira shi Lardin Sardauna.

Akwai wani rubutu daga wancan zamani da ya kamata duk mai tunanin wannan batu ya sani. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya sa an riƙa rubuta masa abubuwan da yake yi da Larabci daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawa suka kama shi, kuma an buga fassarar littafin da Turanci a 1995. A ciki akwai hare-haren da ya kai wa mutanen dutse, har da Kamwe, waɗanda maƙwabta ke kira Higi. Yana faɗin ranar da aka fita, da adadin bayi da shanun da aka kamo. Mutanen da aka kamo ɗin lissafi ne kawai a shafin. Wanda ya kai harin yana da magatakarda, waɗanda aka kai wa ba su da shi, don haka bayan shekara ɗari muryarsa ce ke ajiye a ɗakunan karatu na duniya. Ban kawo wannan don in tono tsohon miki tsakanin dutse da fili ba. Na kawo shi ne don shi ne hujja mafi ƙarfi da na sani a kan abin da ke samun al'ummar da ta bar wa wasu aikin rubuta sunayen matattunta.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, an kwashi kimanin sojoji 90,000 daga Afirka ta Yamma zuwa ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a cikin runduna ta 81 da ta 82, kuma fiye da rabinsu 'yan Nijeriya ne. Hausa ce harshen bariki a lokacin, da ita Bature da Bakamwe da Batibi da Babarbare ke fahimtar juna. Wuraren da suka zubar da jini sun dawo gida sun zama sunayen barikoki: Arakan da Myohaung a Legas, Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Chindit a Zariya. An adana sunan fagen daga, an manta da na mayaƙan. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda ake ɗaukar soja a wancan lokaci. Saurayi zai zo da sunan da aka raɗa masa a gida, mai rajista ya ga ba zai iya rubutawa ba, sai ya ba shi sunan Hausa ya liƙa masa sunan gari mafi kusa. Shi ya sa takardun rundunar suka cika da su wane Yola, wane Mubi, wane Dikwa. Jikan da zai nemi kakansa yau da sunan da gida ya sani, da wuya ya same shi.

Su kansu Turawan sun amsa laifinsu a wannan fanni. A Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawansu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, kuma adadin na iya kaiwa 350,000. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya ba da haƙuri. Haƙurin ya zo bayan shekara ɗari, lokacin da duk mai iya faɗin sunayen ya riga ya kwanta dama.

Aikin soja ya zama gado a gidaje da dama na wannan yanki. Misalin da kowa ya sani shi ne Birgediya Janar Muhammad Buba Marwa, ɗan asalin Michika, wanda ya yi gwamnan soja a Barno da Legas, aka kuma ba shi shugabancin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2021. Mahaifinsa soja ne, kakansa ma soja ne. An san wannan silsila domin jikan ya yi fice. A Bazza da Futu da Garta da Moda akwai gidajen da suka ba da mutum biyu ko uku a jere, wani ya je Bama, wani Kwango, wani yaƙin basasa, wani Laberiya da Saliyo a rundunar ECOMOG, wani Darfur, kuma babu wanda ya wuce kofur ko saje a cikinsu. Labarinsu yana bakin tsofaffin mata ne kawai, da hoto ɗaya ko biyu a bango.

Sai 2014 ta zo ta ƙone bangon da hoton. A ranar 7 ga Satumba na shekarar Boko Haram suka shiga Michika, bayan sun ci Gulak. A ƙarshen Oktoba suka kama Mubi suka sauya mata suna, suka mamaye hedikwatar majami'ar EYN da ke Kwarhi, suka shiga Vimtim, garin babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin, Alex Badeh. Mutane suka bazama, wasu kan duwatsu, wasu Kamaru, wasu Yola a ƙafa. A tsakiyar Nuwamba aka ƙwato Mubi, kuma kowa a Adamawa ya san rawar da maharba da 'yan banga suka taka a wannan. Michika ba ta dawo hannun gwamnati ba sai a ranar 29 ga Janairun 2015. Waɗanda suka koma gida sun tarar da toka. Ana lissafa gidaje da shaguna da majami'u da masallatai da gadoji da aka rushe, kuma daidai ne a lissafa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon kaka, wanda a cikinsa takardar sallama daga soja take, da lambobin girma, da wasiƙun da aka aiko daga fagen daga. Gida an sake gina shi. Abin da ke cikin akwatin yanzu yana cikin kan mutum ɗaya ko biyu, kuma sun tsufa.

To, me ya sa kati, kuma me ya sa da hannu? Ana iya buga fosta a Mubi, ana iya tura hoto a WhatsApp. Amsata ita ce amfanin katin yana cikin wahalar haɗa shi. Yaron da malami ya ce masa ya cika ciki da suna da gari da shekara ba shi da inda zai samo su sai a gida. Dole ya je ya durƙusa ya ce, "Kaka, wane suna ake kiran Baba da shi kafin ya shiga soja?" Ita kuma za ta yi shiru, ta ce, "Wa ya aiko ka?" Daga nan hira ta buɗe, irin hirar da ba a taɓa yi a gidan ba, domin manya suna ganin yaro bai kai ba, yara kuma ba su san akwai abin tambaya ba. Mai buga fosta yana da zane guda da yake sauya wa suna da hoto, a biya shi kuɗi a karɓa, babu wanda ya tambayi kowa komai. Waya kuwa tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita ranar da babu hatsi.

Yadda za a yi ba shi da wuya. A sami kwali mai ɗan kauri, ko na sukari ne a juya bayansa a liƙa masa farar takarda, a ninka shi biyu. A gaba a rubuta sunayen mutumin duka: na gida da harshen Kamwe ko Margi ko Fulatanci, na makaranta ko na baftisma, da wanda aka san shi da shi a bariki. A ciki, hannun hagu, a sa ƙauyensa da sunan mahaifinsa, shekarar da ya tafi, bataliyarsa da lambarsa ta soja in an sani, inda ya yi aiki, da ko ya dawo ko can ya rasu. A ƙasa a rubuta sunan wanda ya ba da labarin, domin wannan ne zai sa a iya dogara da katin nan gaba. Abin da ba a tabbatar ba a bar gurbinsa fari, kada malami ya sa yaro ya ƙirƙiro shekara don kati ya cika. Hannun dama na yaron ne, ya rubuta abin da ke ransa da harshen da ya fi iyawa. Ado kuma a bar wa hannunsa. Yaran da ke ƙera mota da karan dawa ba sa bukatar a koya musu yadda za su tsaga kara su yi wa kati iyaka, ko su liƙa zaren saƙa, ko su zana dutsen garinsu. In akwai tsohon maɓallin kaki da ya tsira a gidan, kada a liƙa shi a kan kati ya ɓace, a ɗora takarda a kansa a goga fensir, siffarsa za ta fito.

Wani zai ce wannan al'adar Turawa ce. Akwai gaskiya a ciki. Jan furen da Ingilishi ke maƙalawa a ƙirji a watan Nuwamba ya samo asali ne daga filayen yaƙi na Faransa da Beljiyam, kuma tun 1921 ƙungiyar tsofaffin sojojinsu ke sayar da shi. Mu ma a da ranar 11 ga Nuwamba muke yi kafin a mai da ita Janairu. Babu abin da ya haɗa wannan fure da Michika, kuma ban ce a zana shi ba. Amma ƙawata rubutu da hannu don girmama wani abu ba baƙo ba ne a wurinmu. Almajirin da zai yi sauka ana yi wa allonsa zayyana. Mata suna zane ƙwarya don amarya. Matan zumunta suna ɗinka suna a kan zane. Musulmin da ba ya son hoto ko mutum-mutumi ba ya bukatar ko ɗaya a katinsa, suna da addu'ar Allah Ya jiƙansa sun wadatar. Kirista ya sa ayar da yake so. Kowa da abin da zuciyarsa ta kwanta da shi.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma daga bakin da ya cancanta yake fitowa. Matar sojan da aka kashe za ta ce, kati zan dafa wa marayu? Tana da gaskiya. Shekara da shekaru ana jin kukan matan sojoji a kan haƙƙoƙin mazajensu da ba su fito ba, ana ganin 'yan mazan jiya suna zanga-zanga a Abuja a kan fansho. Iyalan maharba da 'yan banga ma sun fi shiga uku, don mazajensu ba sa cikin rajistar albashin kowa. Duk wanda zai miƙa wa irin wannan mata kati ya ɗauka ya sauke nauyi ya zalunce ta. Amma a duba abin da katin ke ɗauke da shi: cikakken suna, lambar soja, bataliya, shekara. Waɗannan su ne abubuwan farko da ake tambaya a duk ofishin da za a je neman haƙƙi. In kowace makaranta ta kwafe su a littafi guda kafin a raba katunan, cikin shekara biyu ko uku ƙaramar hukuma za ta mallaki jerin da za a iya ɗorawa a teburin ɗan majalisa ko shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji a ce, ga mutanenmu, wanne aka biya, wanne ba a biya ba? Kuka a dunƙule ana iya share shi da alkawari. Suna da lamba sai an ba da amsa.

Inda na fi damuwa shi ne tambayar wa ya cancanci kati. In aka ce sai mai kaki, an yi wa tarihin 2014 ƙarya. Maharbin da ya fita da bindigar toka ya cancanta, kuma ba maza kaɗai suka fita ba, sunan maharbiya Aisha Bakari Gombi ya zaga duniya. Direban da ya riƙa jigilar mutane ana harbi ya cancanta. Haka matar da ta hau dutse da goyo da yaran kishiyarta, ta ciyar da su da abin da ta tsinta. Haka ma wanda ya ɓoye maƙwabcinsa mai wani addini a ɗakinsa alhali ya san hukuncin in an gano. Bishop Stephen Dami Mamza, ɗan Bazza, ya buɗe harabar majami'ar Saint Theresa a Yola ga dubban 'yan gudun hijira, daga baya ya gina musu gidaje, ya haɗa da masallaci don Musulmin cikinsu. Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci na Michika, an sace shi aka kashe shi a Janairun 2020. An kashe limamai da malamai da suka ƙi bin 'yan ta'addan. Irin waɗannan da duniya ta ji sunansu ƙalilan ne, sauran suna cikin unguwanni.

Nan ne kuma haɗarin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Michika ta dawo daga gudun hijira da zuciya biyu. Zargi ya yi yawa a kan wa ya zauna lokacin mamaya, wa ya nuna gidan wa, ɗan wa ya bi su daji. Har kasuwa ta rabu, wasu na cin ta Asabar, wasu Lahadi. A irin wannan gari tunawa da matattu na iya komawa kiran sunan masu laifi, kuma magana zarar bunu ce. Don haka dole a kafa doka ɗaya da ba a sassauta ta: kati yana faɗin abin da mutum ya yi na alheri da inda ya faɗi, ba ya faɗin wa ake zargi. Wannan aikin kotu ne da na masu sulhu, bai kamata a ɗora shi a hannun ɗan aji biyar ba. Yaron da mahaifinsa ya bi 'yan ta'adda kuma yana cikin ajin, yana zaune kusa da maraya, kuma bai aikata komai ba. Malami mai hankali zai ce masa ya yi wa wanda ya rene shi, ko wani dattijon unguwa. Ina kuma roƙon shugabannin makarantu su yi wani abu da gangan: a kowane aji a samu katunan da za su tsallaka, yaron Islamiyya ya kai nasa gidan tsohon soja Kirista, yarinyar majami'a ta kai nata gidan maharbi Musulmi. A ramin daga waɗannan mutane ba su tambayi juna ranar kasuwarsu ba, kuma yaran sun fi saurin gaskata haka in daga bakin tsohon sojan suka ji.

Lokacin yin aikin ma ya zo daidai. Makarantu na komawa a farkon Janairu, kaka ta wuce, kara ya bushe. Tsakanin ranar 15, ta ƙasa baki ɗaya, da ranar 29, ta Michika ita kaɗai, akwai mako biyu cif. Makon farko na tambaya a gida, na biyu na haɗa kati da kwafewa a littafin makaranta, ranar 29 a kai wa masu shi. Sabuwar masarautar Michika da aka kafa a ƙarshen 2024 ita ce ta fi dacewa ta ajiye babban littafin, a kuma ba sashen tarihi na wata jami'a a Mubi ko Yola kwafi, domin mun riga mun ga abin da wuta ke yi wa kwafi ɗaya. Wanda ya je Bama yana ɗan shekara 18 a 1944 ya kai ɗari ko yana dab da kaiwa in yana raye. Wanda ya shiga yaƙin basasa a 1967 da waɗannan shekaru ya doshi 80. Jariran da aka goya zuwa kan dutse a 2014 suna ƙarshen firamare ko farkon sakandare, sun iya rubutu, kuma kakanninsu da yawa suna nan da hankalinsu. Shugaban makarantar da ya yarda da wannan magana ba ya bukatar jiran takarda daga Yola, zai iya farawa da aji ɗaya a Janairu mai zuwa.